Yanda Za Ki Rubuta Labarin Soyayya Mai Sa Dariya In Tauraruwarki Marubuciya Ce Mai Kunyar Tsiya

Duk wadda ta daɗe tana karanta littattafan Hausa a waya ta san yanda ake yi, yarinya ƴar talakawa mai tallan awara, saurayi miskili ɗan masu kuɗi da ba ya murmushi sai a feji na 40 (feji shi ne kashin labarin da ake saki lokaci ɗaya), uwar miji muguwa, boka a gindin dutse, sai kuka sai suma sai asibiti. Ni ban ce ba daɗi ba fa, na sha kwana ido biyu a kan irinsu har wayata ta mutu a hannuna. Amma akwai ranar da mutum zai dawo gida a gajiye, ba wuta, ga zafi, abin da yake nema kawai labarin da zai sa shi dariya shi kaɗai har a tambaye shi lafiya. Irin wannan nake so mu ɗinka tare, labarin wata marubuciya da ta iya tsara kalaman soyayya a rubuce amma in namiji ya ce mata sannu sai ta manta sunanta. Zan riƙa cewa "ki" sabida mata sun fi yawa a harkar tun lokacin da ake buga ƴan siraran littattafan nan a Kano a shekarun 1980 da 1990 ana karɓo su haya a shago, maza sai ku yi haƙuri ku juya da kanku.

Abu na farko, ki zauna ki tantance wace irin kunya kike nufi

Nan ne yawanci ake faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. A wajenmu kunya ado ce, yarinya ta sunkuyar da kai gaban manya, amarya ta ƙi kiran sunan miji, uwa ta ƙi kiran sunan ɗan fari, wannan duk tarbiyya ce kuma kowa na yabawa. To in kika buɗe labari da cewa "Nana yarinya ce mai kunya" mai karatu zai ce to sai me, ai haka ake so. Kunyar da za ta ɗauki labari ita ce wadda take jawo wa mai ita asara.

Ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwa goma da kunya ta taɓa jawo wa tauraruwarki, ƙanana, na yau da kullum. Mai adaidaita ya wuce layinsu ta kasa cewa akwai, sai da ya kai ƙarshen hanya ta sauka ta dawo a ƙafa da rana tsaka. Tela ya yanka mata atamfa ya mayar da rigar kamar buhu, ya ce ya kika gani, ta ce ta yi kyau ta ƙara masa da godiya. An zuba mata abinci a gidan biki ta ce ta ƙoshi cikinta na ƙugi ana ji. Malami ya kira ta da sunan wata tun farkon zango, har aka yi jarrabawa tana amsawa. In kin kasa kawo goma to ba ki san yarinyar ba tukunna, kar ki fara taifin.

Kuma dan Allah ki raba kunya da miskilanci. Miskila ta iya magana, ba ta ga dama ba ne. Mai kunya tana so ta yi, ta shirya maganar tun a gida ta maimaita sau bakwai a gaban madubi, da ta zo wajen sai bakin ya ƙi. Miskila haushi take ba mutum, mai kunya kuwa tausayi da dariya take bayarwa lokaci ɗaya, kuma wannan haɗin shi muke nema.

Na biyu, ki ba ta baki biyu

Wannan shi ne injin labarin gaba ɗaya, in ya tashi sauran duk turi ne. Nana ta gida ba ta iya haɗa ido da mai kanti. Amma Nana ta waya tana da sunan alƙalami da ba wanda ya san ita ce, tana da guruf ɗin WhatsApp da ya cika maƙil da mutum 1024 har an buɗe na biyu, matan aure na bin ta ta bayan fage suna cewa Anti ki ba mu shawara maigida ya canja, ita kuwa ko zance ba a taɓa zuwa wajenta ba. Tana zaune a ɗakin kakarta da zani ɗaurin ƙirji tana ba wadda ta shekara goma a ɗaki shawara, kin ga dariya ta fara tun kan saurayi ya shigo.

Yanda za ki nuna wannan a rubuce shi ne ki riƙa jera biyun kusa da kusa. Ki kawo layi biyu ko uku daga littafin da take rubutawa, inda tauraruwarta ta kalli saurayi ido cikin ido ta faɗa masa magana mai nauyi, sai ki yanke nan take ki dawo da mu tsakar gida inda aka ce Nana je ki karɓo saƙo a ƙofar gida ta tsaya tana roƙon ƙaninta ya je. Kar ki yi bayani, kar ki ce "kun ga bambancin", masu karatu ba yara ba ne. Sannan ki sa rubutun nata na cikin labari ya ɗan yi yawa, irin mai zuma da madara ɗin nan, sabida mu gane wadda ba ta taɓa yi ba ce ke rubutawa.

Na uku, saurayi

Ki ajiye jirgin sama da kamfanoni bakwai a Dubai. Labari mara nauyi yana son mutumin da za a iya karo da shi a hanya. Ni da ni ce zan sa shi mai gyaran waya a Farm Centre, kasuwar wayoyin nan ta Kano, sabida dalili ɗaya, duk rayuwar Nana ta ɓoye tana cikin waya, ranar da gilashin ya fashe dole ta miƙa sirrinta a hannun wani. Ke za ki iya sa shi malamin firamare, ko mai shagon buga takardu a bakin makaranta, ko ɗan ajinsu a jami'a, abin dai aikinsa ya zama shi ne zai riƙa haɗa su ba tare da kin ƙirƙiro haɗarin mota ba.

Ki ba shi aibi na gaske mai ɗan daɗi. Nawa surutu ne da shi kamar rediyo, ba ya barin shiru ya zauna, kuma yana karanta littattafan mata a ɓoye yana cewa ƙanwarsa ce ke turo masa. Ga kuma ƙarin gishiri, shi ne mutumin nan ɗaya tilo a guruf da kullum sai ya yi gyara a kwament, "Anti wannan motar da kika ce ya ja da gudu ai a feji na 12 kin ce an sayar", Nana ta tsane shi ta sha niyyar cire shi kunya ta hana ta ko a waya. Sai ga shi shi ne mai gyara.

Abin da za ki kiyaye, kar ki mayar da shi likitan da ya zo warkar da ita. Ba ya cewa ki daina kunya. Shi dai yana lura ne, ya gane in ta ja bakin mayafi sau biyu a'a take nufi, in ta kalli ƙasa ta yi shiru mai tsawo eh ne. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi ya iya tambayar.

Na huɗu, ki tsara wa ya san me kuma yaushe

Kafin ki rubuta kalma ɗaya ki raba labarin. In feji 30 za ki yi, kowanne kalma 1500 zuwa 2000, ga yanda nake rabawa. Biyar na farko mu san Nana da bakinta biyu, mu ji haushin mai gyaran kwament, waya ta fashe. Daga 6 zuwa 12 suna haɗuwa a kan gyara, mai karatu ya riga ya gane shi ne mai kwament amma su biyun ba wanda ya sani, nan ne daɗin yake sabida mai karatu na gaba da su yana ta cewa wayyo. Wajen 13 ita ta gane, ta ga lambarsa a guruf. Shi kuma kar ya gane sai wajen 20. Tsakanin nan kina da feji bakwai na zinariya, tana zaune a bencin shagonsa yana zagin littafinta a gabanta yana cewa wannan Antin da gani tsohuwa ce ta kai shekara hamsin, ita tana ta gyaɗa kai, da daddare ta je ta rama a rubuce ta sako wani mai gyaran waya mai kunnuwa kamar faranti a cikin labarin.

Wasu na son ɓoye wa mai karatu sirrin har ƙarshe wai dan a sha mamaki. A labarin ban tsoro wannan daidai ne, a na dariya asara ce, mamaki sau ɗaya ake yinsa amma jiran ranar da asiri zai tonu kullum sai an dawo.

Na biyar, ki cika gidan da mutane

Tauraruwar da ba ta magana tana buƙatar masu magana a gefenta, in ba haka ba feji zai cika da "ta yi shiru, ta sauke ajiyar zuciya". Allah ya hutar da mu, al'adarmu ta riga ta ba mu waɗanda aka halatta wa tsokana. Kaka da jika akwai wasa tsakaninsu, dan haka kaka za ta iya faɗin abin da uwa ba za ta taɓa faɗa ba, ta leƙa zaure ta ce wannan ai mijina ne ke kika ƙwace, ta tambaye shi nawa yake samu a wata. Akwai taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, wanda zai bi Nana da tsiya har ta yi kuka. Akwai ƙaramin ƙane ɗan aike da ba ya kai saƙo sai an ba shi na alawa daga ɓangare biyu, kuma ya kai shi a karkace. In kina son ƙari ki sa saurayin Bazazzagi ita Bakanuwa, ko shi Babarbare ita Bafulatana, wasan barkwancin da ke tsakani kaɗai zai ba ki hira ta feji uku. A Nijar ma irin wannan wasan na dangi har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, mu kuma muna zaune a kansa muna aro dariya daga finafinan waje.

Mutum uku sun isa. Na ga littafin da aka sako ƙawaye takwas kowacce da saurayinta, har marubuciyar ta manta ta aurar da ɗaya sau biyu.

Na shida, zance, kuma nan zan daɗe

Ranar da ya fara zuwa zance ita ce zuciyar littafin, ki ba ta feji guda cur ko biyu. Ki fara tun daga yaro ya shigo ya ce wai ana sallama da Nana, tsakar gida ta yi tsit sabida ba a taɓa ji ba, kaka ta ce wace Nanar, ko dai gidan ya ɓata. Ki nuna ta canja mayafi sau uku, ta rubuta abin da za ta faɗa a tafin hannu gumi ya goge. Sannan ki bar hirar ta tafi a karkace yanda ta gaske take tafiya. Misali:

"Ina wuni."
"Lafiya lau, ya gida, ya su Hajiya?"
"Ina wuni."
Ya ɗan yi shiru. "Mun wuni lafiya har yanzu, ba abin da ya canja."

Ta miƙa masa ruwa ta manta ba ta buɗe robar kofin ba, ya karɓa ya yi kamar yana sha dan kar ta ji kunya, ƙanenta na leƙe ta bayan ƙyaure yana ƙirga minti. Kin ga ba wanda ya ce ina sonki, amma wadda ta karanta ta san an gama. Dokar da nake bi ita ce duk abin da za a iya nunawa da hannu ko ido ko kofin ruwa, kar a faɗe shi da baki. Kuma kar ki yi dariya da Nana kamar wawuya, ki yi dariya irin wadda ake yi wa ƙanwa, in mai karatu ya fara jin kina wulaƙanta ta zai bar ki.

Ki kula da yanda suke kiran juna ma. Da farko Malam ne da Malama ko Hajiya, shi zai fara zamewa ya laƙa mata wani suna na tsokana, ita kuwa ba za ta taɓa kiran sunansa ba, sai "ka ga" da "wai". Ranar da ta kira shi da wani abu, ko da "mai gyara" ne, ki mayar da shi babban lamari.

Na bakwai, rikici, amma daidai ruwa daidai tsaki

Dole a ɓata kafin a shirya, sai dai labari mara nauyi ba ya ɗaukar boka ko ciwon ajali ko wata tsohuwar budurwa da ta dawo daga Landan da makirci. Rikicin ya fito daga halin su biyun. Wanda na fi so shi ne wannan, wata rana ya yi shiru da surutun nan nasa ya ba ta wani labari da bai taɓa ba kowa ba, yanda ya bar makaranta ya kama gyara bayan rasuwar mahaifinsa, ita kuma da ba ta iya mayar da magana da baki ba sai ta je ta zuba shi a littafi kusan kalma da kalma sabida nan ne kaɗai ta iya cewa na ji. Shi ya buɗe guruf da daddare ya ga sirrinsa a gaban mutum dubu. A feji ɗaya ya gane ita ce Antin, ya kuma ji ciwo. Ba mugu a ciki, kowa na da gaskiyarsa, kuma mai karatu zai rasa bayan wa zai bi.

Gyaran kuma kar ki bari ta yi shi a rubuce. Za ta rubuta masa saƙo mai tsawo mai kyau, ya ƙi buɗewa. Dole ta ɗauki ƙafa ta je kasuwa, cikin hayaniya da masu cewa Hajiya me za a gyara, ta tsaya a gaban teburinsa ta faɗa da bakinta, ya fito a hargitse ba daɗin ji, rabi ma ba a ji ba sabida janareta. Kar ki mayar da ita mai baki daga nan, kunyarta na nan har ranar kamu, abin da ya canja kawai ta yi magana sau ɗaya a inda ya zama dole. Daga nan ki yi sauri, manya su shigo, gaisuwa, sa rana, lefe, feji biyu ko uku sun isa, ba sai kin lissafa mana akwati nawa da abin da ke ciki ba.

Maganar batsa a taƙaice, irin wannan labarin ba ya buƙata, ƙarfinsa a abin da ba a faɗa ba yake. In kuma kina da niyyar bugawa a takarda a Kano ki tuna akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001, kuma littattafai na cikin abin da take dubawa.

Na takwas, taifin da gyara

Kar ki yi taifin kai tsaye a WhatsApp. Ki rubuta a manhajar rubutu kamar Google Docs ko WPS ki tabbatar yana ajiyewa a intanet, ni feji 17 na taɓa rasawa ranar da wayata ta faɗa bokitin wanki, na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar an yi mutuwa. Ki sa Hausa a Gboard, wato allon haruffan taifin na waya, dan ki samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sabida a labarin dariya kuskure ɗaya na kashe magana, "ƙafa" da "kafa" ba ɗaya ba ne, haka "ɗaki" da "daki". In kin gama feji ki karanta shi da ƙarfi, duk inda harshenki ya sarƙe mai karatu ma zai sarƙe, duk hirar da kika ji ba mai faɗin haka a gidanku ki goge. Ki bincika sau nawa kika ce "dara-daran idanunta" da "ajiyar zuciya" da "murmushi mai tsada", ki bar ɗaya ɗaya. Turanci kuma ki sa shi a bakin wanda zai yi shi a zahiri, kaka ba za ta yi ba sai dai ta ɓata shi, wannan ma wata dariyar ce.

Sai ki ba mutum biyu su karanta kafin kowa, ɗaya mai sonki ɗaya mara kunya. Ki zauna kusa ki kalli fuskarsu, in an wuce wajen da kika sa ran dariya ba ko motsi, kar ki yi musu bayani, ki koma ki gyara.

Na ƙarshe, saki

Kar ki saki feji na 1 sai kina da goma a ajiye, sabida rashin lafiya da biki da rashin caji duk za su zo. Ki sa rana ki riƙe ta, ko sau uku a sati, ya fi ki yi kullum na sati ɗaya ki ɓace wata guda. Ki yanke kowane feji a inda ake son ci gaba, yaro ya shigo ya ce ana sallama, shi ke nan sai jibi. In na kuɗi za ki yi ki bar fejin kyauta su kai inda wayar ta fashe ta shiga hannunsa, nan ne mutum zai ji ba zai iya haƙura ba. Ki sa sunanki a sama da ƙasan kowane feji har da tsakiya, sabida masu kwashewa su mayar da shi sauti a YouTube ba izini suna nan, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, amma sai kina da shaidar naki ne, dan haka ki adana kwafin farko mai kwanan wata. In kina son gwada hannu a gajere tukunna, feji na zancen nan kaɗai in kika gyara shi ya tsaya da ƙafarsa zai iya zama gajeren labari irin wanda ake shiga gasa da shi, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara wa mata a 2016.

Sannan ki shirya wa kwament. Wajen feji na 15 za a fara, Anti labarin ya yi sanyi a sako kishiya, Anti a sa ya zama ashe ɗan sarki ne aka sace shi yana jariri, Anti a ƙara tsawo. Ki yi musu godiya da alamar zuciya guda uku, ki koma takardar nan ta abubuwa goma da kika rubuta tun farko ki duba wanne ne ba ki yi amfani da shi ba tukunna. Ni na telan nan nake ajiyewa sai ɗinkin biki.